Shatar Mota Ko Bin Tsarin Maigida: Lissafin Baƙon Yini Ɗaya A Mubi

MUBI, Jihar Adamawa. Ɗan kasuwar da ya sauka Mubi da hantsi ranar cin kasuwar shanu, alhali yana da jirgin saman da zai kama a Yola kashegari da safe, ko tirelar da za ta ɗaga zuwa kudu kafin faɗuwar rana, ba ya ɗauke da wata dukiya da ta fi awa shida ko bakwai da ke gabansa tsada. A cikinsu ne zai shiga kasuwa ya duba dabbobi, ya yi ciniki, ya biya, ya karɓi takardu, ya leƙa wajen masu hatsi, wataƙila kuma ya taka zuwa Sahuda a bakin iyakar Kamaru domin ganin wani abokin hulɗa. Tun bai karkaɗe ƙurar hanya ba za a gabatar masa da zaɓi biyu. Ko dai ya ɗauki shatar mota da direbanta ya tsara zirga-zirgarsa da kansa, ko kuwa ya miƙa kansa ga maigidan da ya saba saukar baƙi irinsa, wanda zai haɗa shi da waɗansu baƙin a mota ɗaya, ya bi da su inda ya tsara, a kan lokacin da ya tsara.

Akasarin baƙi kan yanke shawara ne da tambaya guda, wato wanne ya fi araha. Tambayar ba ta da laifi, sai dai ba ita ce ta farko ba. Bambancin farashin da ke tsakanin hanyoyin biyu, idan aka duba shi da idon tattalin arziki, kuɗin wani abu ne da ba a gani a jikin mota: wane ne zai ɗauki asara idan lokaci ya ƙure, baƙo bai iso inda ake jiransa ba.

Yanayin Mubi ne ya sa wannan lissafi ya yi nauyi. Garin yana gindin duwatsun Mandara, kogin Yedzaram ya ratsa shi, kuma tsakaninsa da Yola akwai kimanin kilomita 200 ta hanyar Girei, Song, Gombi, Hong da Mararraba. Tsohuwar cibiya ce ta fatauci da mulki. Ta zauna a hannun Jamus, daga baya Ingila ta riƙe ta a cikin yankin Arewacin Kamaru, har ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairun 1961 ta shigar da yankin cikin Nijeriya, aka mai da Mubi hedkwatar Lardin Sardauna. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, da Jami'ar Jihar Adamawa da ta biyo baya a 2002, sun ƙara mata baƙi. Amma abin da ya fi jawo mai jari shi ne kasuwar shanu, wadda mutanen gari ke kira Tike, inda ake kawo dabbobi daga Kamaru da Chadi, a yi lodinsu zuwa Legas, Fatakwal, Onitsha da sauran biranen kudu. Duk da wannan hada-hada, babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga ta yau da kullum zuwa Mubi. Wanda ya zo ta sama, a Jimeta zai sauka, kuma can zai koma, tafiyar awa uku zuwa huɗu idan hanya ta yi kyau.

Wannan matsala ta baƙon da agogo ke kora ba ta Mubi kaɗai ba ce, kuma akwai sana'ar da ta daɗe da sanya mata farashi a rubuce. Ita ce ta manyan jiragen ruwa masu yawo da 'yan buɗe ido daga wannan tasha zuwa waccan. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a ta duniya ta ba da rahoton cewa mutum miliyan 31.7 ne suka yi irin wannan tafiya a shekarar 2023. Waɗansu daga cikin jiragen kan yada zango a gaɓar Afirka ta Yamma, a Dakar, Banjul, Takoradi, Tema, Lome da Kwatano. Jirgi kan iso da safe, ya tashi da yamma, kuma akan umarci fasinja ya kasance cikin jirgi kimanin rabin awa kafin lokacin tashi. A tsakanin nan yana da zaɓi irin na baƙon Mubi. Zai iya sayen kujera a zagayen da kamfanin jirgin ya shirya, da bas da ɗan jagora da wuraren da aka riga aka zaɓa, ko kuwa ya sauka ya yi hayar mota, ko ya nemi wani mai jagora na gari, ya tafi inda ransa ke so.

Zagayen kamfani ya fi tsada kusan a ko'ina, domin kamfanin yana cire nasa kaso kafin ya biya ɗan kwangilar da ke da bas ɗin. Fasinjoji sun san haka, amma da yawa suna saye. Dalili shi ne alkawarin da ke cikin tikitin: idan bas ɗin kamfani ya makara, jirgi zai jira, ko kuwa kamfani ya ɗauki nauyin kai fasinja tasha ta gaba. Wanda ya fita bisa raɗin kansa ba shi da wannan alkawari.

Abin da ya faru a tsibirin Sao Tome, cikin tekun Gini, ya isa misali. Ranar 27 ga Maris, 2024, fasinjoji takwas na jirgin Norwegian Dawn suka fita zagaye da wani mai jagora mai zaman kansa, suka dawo bayan ƙaramin jirgin ƙarshe da ke kwasar mutane daga gaɓa ya tashi. Babban jirgin ya wuce ya bar su. Sai da suka ratsa ƙasashe da dama ta sama da ta ƙasa zuwa Banjul, inda suka tarar jirgin bai sami damar tsayawa ba saboda yanayin ruwa, kana suka ƙarasa Dakar suka cim masa ranar 2 ga Afrilu. Duk abin da suka rage a kan kuɗin zagayen yini ɗaya, bai kai ko kusa da abin da kwana shida na bin jirgi ya ci ba.

A Mubi babu teku, amma akwai abubuwan da ke tashi ba su jira kowa ba. Jirgin Yola na ɗaya. Tirelar da ta gama lodi na biyu, domin direban da ke ɗauke da dabbobin mutum biyar ba zai kashe inji saboda mutum ɗaya ba. Na uku rana ce da kanta, tun da masu hankali ba sa son dare ya riske su a waɗansu hanyoyin arewacin jihar.

Wani bambanci da ya kamata a lura da shi shi ne ma'anar hayar mota a wurare biyun. A Turai da Amurka, tun daga kamfanin da aka fara a Chicago a 1918 da motocin Ford goma sha biyu, wanda daga baya ya zama Hertz, da kuma Avis da ya buɗe a wani filin jirgin sama kusa da Detroit a 1946, haya tana nufin a miƙa wa baƙo makulli ya tuƙa da kansa. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne katin bashi na banki da za a riƙe kuɗin jingina a kansa, da inshorar da ke biyan ɓarna, da kotun da za ta bi wanda ya gudu. A garuruwa irin Mubi wannan tsari bai zama ruwan dare ba. Mai mota ba zai ba wa wanda bai sani ba makullin jarinsa a garin da ke kusa da iyaka haka ba, baƙon kuma da ya san ciwon kansa ba zai so tuƙi a hanyar da bai san ramukanta da shingayenta ba. Saboda haka haya a nan shata ce: mota da direbanta, yawanci daga tasha ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW, ko ta hannun ma'aikacin masauki da ya san wani mai mota.

Lissafin shata a tasha yana da sauƙi, domin da kuɗin kujera ake auna shi. A ɗauka, don misali kawai, ƙaramar mota tana ɗaukar fasinja shida. Mai shata zai biya kuɗin kujera shida a tafiya. Idan direba ba shi da tabbacin samun fasinja a dawowa, zai nemi wasu shida, ban da ladan zaman jira. Kujera goma sha biyu ke nan, ko abin da ciniki ya rage. A ɗauka kuma maigida yana karɓar daidai da kuɗin kujera uku a kan kowane baƙo don kai shi da dawo da shi. Baƙo shi kaɗai zai biya ninki huɗu idan ya zaɓi shata. Idan su biyu ne, ninki biyu. Da zarar sun kai huɗu, farashi ya zo ɗaya, daga nan kuwa shata ta fi araha. Kuɗin shata tsayayye ne, ana raba shi tsakanin masu tafiya, kuɗin tsarin maigida kuwa bisa kai yake. Wannan ne ya sa iyali mai mutum biyar a tashar jirgin ruwa kan karkata ga hayar mota, mai tafiya shi kaɗai kuma ya shiga bas.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, wannan lissafi ya sauya fuska. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki a jihohin arewa maso gabas, ta kai Naira 617 a Abuja a watan Yuli na wannan shekara, ta zarce Naira 1,000 a watan Oktoban 2024. A da mai shata bai cika damuwa da wanda zai zuba mai ba. Bayan wannan tashin farashi, mai ya zama kaso mafi girma a cikin kuɗin tafiya, kuma ciniki iri biyu ya ƙara bayyana: farashi dunƙule wanda direba ke zuba mai daga aljihunsa, da farashin mota kawai wanda baƙo ke sayen mai. Kowanne da illarsa. A na farko direba zai yi ƙorafi a kan kowane kilomita da aka ƙara, ya nemi gajerar hanya ko da ba ta da kyau. A na biyu ba ruwansa da tsimin mai, kuma abin da ya rage a tanki da yamma nasa ne. Yankunan iyaka sun ɗanɗana wata wahalar tun kafin wannan, lokacin da Hukumar Kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a watan Nuwamban 2019, abin da ya koya wa direbobin yankin cika tanki a cikin gari kafin su nufi gabas. Baƙon da ya ga direbansa ya kama hanyar Sahuda da allurar mai a ƙasa, yana da dalilin yin magana.

To, mene ne maigida ke sayarwa da har zai cancanci kuɗinsa?

Tsarin saukar fatake, wanda a harkar shanu ake kiran mai yinsa maigida ko fatoma, ya girmi kamfanonin yawon buɗe ido na Turai. Thomas Cook ya shirya tafiyarsa ta farko ce a 1841, lokacin da ya kwashi kimanin mutum 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a kan sule ɗaya kowane mutum. Kafin wannan shekara, fataken goro na ƙasar Hausa sun daɗe suna sauka a hannun masu gida a zangon Salaga da sauran zangunan hanyar Gwanja. Masana biyu na Ingila sun yi nazarin tsarin a ƙarni na 20: Polly Hill a kasuwar shanu ta Kumasi, da Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan, wanda littafinsa ya fito a 1969. Abin da suka gano kowane ɗan kasuwar shanu ya san shi. Maigida yana ba da masauki da abinci, yana ajiye kuɗi, yana da dillalai a ƙarƙashinsa, kuma mafi muhimmanci, yana tsaya wa ciniki. Idan aka ba da bashi, da sunansa aka bayar. Idan saniya ta fito ta sata ce, shi za a fara nema. Jarinsa mutunci ne, kuma mutunci ba ya ɗaukuwa a mota a gudu da shi.

Wannan shi ne daidai da alkawarin da kamfanin jirgin ruwa ke bugawa a tikiti, sai dai na maigida ba a rubuce yake ba. Shi ne ya san direban tirela, zai iya cewa a dakata wa baƙona rabin awa, a kuma dakata. Ya san wurin da ake yankar rasit ɗin haraji da inda ake karɓar takardar likitan dabbobi, ya san layin da ya fi sauri. Yana jin Fulatanci, harshen da yawancin masu kawo dabbobi daga gabas ke ciniki da shi. Idan sabis ya ɗauke aka kasa tura kuɗi ta waya, kamar yadda 'yan kasuwa suka gani da idonsu a farkon 2023 lokacin ƙarancin sababbin takardun Naira, kalmarsa kan tsaya a madadin kuɗi har zuwa gobe. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a kasuwar da mai sayarwa ya fi mai saye sanin lafiyar abin da yake sayarwa, maganar tana da tushe a ilimin tattalin arziki. George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya nuna tun a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, yadda irin wannan rashin daidaiton sani ke iya kashe ciniki baki ɗaya idan babu mai tsayawa a tsakani.

Sai dai kuma tsarin yana da nasa tsadar da ba a faɗa. Maigida zai kai baƙo wajen masu sayarwar da yake hulɗa da su ne, kamar yadda bas ɗin 'yan yawon buɗe ido ke tsayawa a kantin da ke ba ɗan jagora kamasho. La'adar da ake gani ba lallai ita kaɗai ce ke shiga aljihun dillali ba. Baƙon da ya gama nasa cinikin da azahar zai zauna jiran wanda bai gama ba har la'asar, domin mota ɗaya ce. Wanda kuma ya zo da niyyar sanin kasuwa, ya kwatanta farashi, ya ƙulla sabuwar hulɗa, zai koma gida ya ga abin da aka nuna masa kawai. Ɗan kasuwar da ya shekara goma yana sauka hannun mutum ɗaya, mai yiwuwa ne bai san Mubi ba, maigidansa kawai ya sani.

Hanyar auna waɗannan abubuwa biyu ita ce a sanya wa makara farashi. A ɗauka wani ya sayi dabbobi, tirela ta tafi ta bar su. Zai biya kuɗin ciyawa da ruwa da mai gadi, zai nemi wata motar wadda ƙila ta fi tsada domin ranar kasuwa ta wuce, dabbobi za su rame, kuma zai iya rasa ranar cin kasuwa a kudu. A ce jimillar asarar Naira dubu 500 ce, adadin da aka zaɓa don sauƙin lissafi. Idan a ƙiyasinsa sau ɗaya cikin goma irin wannan makara za ta faru ga mai tafiya da direban da bai sani ba, to a kan kowace shata akwai ɓoyayyar Naira dubu 50 da ya kamata a ɗora. Idan bambancin da ke tsakanin shata da tsarin maigida bai kai haka ba, arahar ba ta gaskiya ba ce. Idan kuwa baƙon ba shi da abin da ke jiransa, zai iya kwana a Mubi ya tashi da safe ba tare da ya rasa komai ba illa kuɗin ɗaki, to ɓoyayyen kuɗin ƙarami ne, 'yancin shata ya fi masa amfani. Mutum biyu za su iya tsayawa a tasha ɗaya, a gaya musu farashi ɗaya, amsar da ta dace da su kuma ta sha bamban.

Akwai wurare biyu da lissafin ya fi karkata ga shiryayyar tafiya, ko da kuwa aljihu ya so akasin haka.

Na farko ƙetare iyaka. Daga Sahuda ana shiga Bukula a ƙasar Kamaru, kuma wanda bai saba ba kan ɗauka tamkar shiga Nijar ce ko Benin. Ba haka ba ne. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, tana cikin ta ƙasashen tsakiyar Afirka ce, wato CEMAC. Katin inshorar mota na ECOWAS mai launin ƙasa-ƙasa ba ya aiki a can, suna da nasu katin. Kuɗinsu sefa ce ta tsakiyar Afirka, wadda ke ɗaure da kuɗin Turai a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, abin da ke nufin duk faɗuwar Naira tun daga sakin farashinta a watan Yunin 2023 ta ƙara wa ɗan Nijeriya tsadar komai a ƙetaren iyaka. Motar shata da takardunta ba su cika ba za ta iya cinye awa biyu a shinge ɗaya. Shi ya sa masu bin hanyar kan sauka a bakin iyaka su shiga abin hawan can. A cikin gida ma, batun inshora ba abin wasa ba ne. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motocin gida daga Naira dubu 5 zuwa dubu 15, tare da biyan ɓarnar dukiya har Naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun fara matsa lamba a kanta daga 1 ga Fabrairu, 2025. Direban da ke yawo da takardar bogi, lokacin baƙonsa yake caca da shi.

Na biyu shi ne zuwa Sukur, wanda shi ne abin da ya fi kama da yawon buɗe ido na ainihi a wannan yanki. Sukur tana kan dutse a Ƙaramar Hukumar Madagali, sama da mita 1,000 daga doron teku. A 1999 hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Nijeriya, saboda fadar sarkinta da ake kira Hidi, da gonakinta masu hawa-hawa, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu, da tarihin narkar da tama. Ɗan kasuwar da ya sami rarar yini a Mubi zai so ganinta, kuma ta cancanci gani. Amma hanyar ta bi ta Michika ne zuwa wajen Gulak, mota kuma a gindin dutse take tsayawa, sauran tafiyar da ƙafa ce. Yankin ya sha wuya a 2014, shekarar da Boko Haram ta kama Mubi a ƙarshen Oktoba kafin a ƙwato ta a tsakiyar Nuwamba, aka karya gadoji a hanyar arewa, aka kai wa Sukur kanta hari a watan Disamba. Kasuwanci ya farfaɗo tun daga lokacin, amma har yanzu akan sami rahotannin hare-hare jefi-jefi a ƙauyukan Madagali da na Hong da ke fuskantar dajin Sambisa. A irin wannan tafiya abin da baƙo ke bukata labarin safiyar ranar ne, daga bakin wanda ke da ɗan'uwa a ƙauyen, da kuma wanda zai gabatar da shi ga masu gari. Ba a samun wannan a cikin kuɗin shata. A ɗaya gefen duwatsun, Rumsiki ta Kamaru ta taɓa zama matattarar Turawa masu buɗe ido, har sace wani iyalin Faransawa su bakwai kusa da gandun dajin Waza a watan Fabrairun 2013 ya durƙusar da sana'ar a arewacin ƙasar.

A cikin gari kuwa, da kewayensa na kusa, shata ce ke da rinjaye. Mai zuwa ganin jami'i a kwaleji ko jami'a, mai duba rumbunan masara da wake, mai kai samfurin kaya kantuna, bai da dalilin biyan maigida. Keke mai ƙafa uku ma zai wadatar, a ɗauke shi na rabin yini.

Abin lura ga masu neman inda za su zuba jari shi ne giɓin da ke tsakanin hanyoyin biyu. Mai shata yana sayar da 'yanci ba tare da tabbaci ba. Maigida yana sayar da tabbaci, amma ga wanda aka gabatar masa kawai, kuma da baki. Sabon baƙo, wakilin kamfanin sarrafa nama daga Legas ko mai sayen hatsi daga Dawanau ta Kano da bai taɓa zuwa ba, ba shi da ko ɗaya daga ciki da zai iya riƙewa a takarda. Mai masauki ko reshen ƙungiyar direbobi da zai ware motoci biyu ko uku masu cikakkun takardu, ya buga farashin yini da na rabin yini, ya rubuta cewa idan mota ta lalace zai turo wata cikin awa ɗaya, idan kuma baƙo ya rasa jirginsa saboda laifin mota zai ɗauki wani kaso na asarar, zai iya karɓar kuɗi fiye da na tasha, a kuma biya shi da daɗin rai. Ba ya bukatar sabuwar mota. Yana bukatar mota ta biyu da ke zaune, da direba na biyu, da asusun da zai biya diyya ranar da alkawari ya karye. Tsadar abin a nan take, kuma ita ce ta hana da yawa gwadawa, domin motar da ke zaune ba ta kawo kuɗi a idon mai ita.

Kafin a sami mai yin haka, baƙon da ya zaɓi shata yana iya sayen wani ɓangare na tabbacin da kansa. Ya ɗauki motar daga tasha, a gaban jami'in ƙungiya, a rubuta lambarta da sunan direba a littafinsu, maimakon ya tsayar da ita a bakin titi. A daidaita tun farko wanda zai zuba mai, da awa nawa kuɗin ya ƙunsa, da abin da za a ƙara a kan kowace awa bayan nan. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin mai, ragowar sai an dawo. Ya duba safaya da jak da idonsa, ya nemi ganin lasisi da takardar inshora. Ya fara da wuri mafi nisa, ya riƙa dawowa kusa yayin da rana ke yin ƙasa, yadda idan taya ta fashe da la'asar za ta fashe ne a inda keke zai iya ƙarasa da shi. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, hanyoyin ƙauye da ba su da kwalta kan ninka lokacin tafiya, rafin da aka ƙetare da safe kuma kan cika da rana. Wanda ke da jirgin safe a Jimeta, masu bin hanyar kan ba shi shawarar ya bar Mubi tun rana na sama, ya kwana a Yola.